Gurbin Yatsu Uku a Burodin Kasko

Da sallar da ta wuce na ji da kunnena, ba wani ya gaya mini ba, autata Nana tana yi wa ƙawarta bayanin burodina. Wai gurabun nan uku da nake dannawa a kan kowane curi ado ne irin na tsofaffi, shi ya sa ita nata da take gasawa a obin ɗin lantarki take yin sa manya-manya, sumul. Ado! Ni Kulu, da ko ƙwarya ban taɓa zama na yi wa zane ba, ni ce zan tsaya yi wa burodi kwalliya? Abin ya tsaya mini a rai. Kuma na san ku 'ya'yana kun daɗe kuna jin tsofaffin Shagari suna kirana Kulu Ba-kunya, kuna sunkuyar da kai kamar an ce uwarku ta yi sata, babu wanda ya taɓa samun ƙarfin halin tambayata dalili. To, ku gyara zama. Da gurabun da sunan duk rana ɗaya na same su, a ɗaki ɗaya.

Bari in fara da kaskon, tunda ya girme ku duka. Da za a kawo ni Shagari daga Boɗinga, dangi kowa ya zo da gudunmawarsa, mai kwalla, mai tasa, mai tabarma. Sai ga Gwaggo Hajo, ƙanwar babana, da wani baƙin kaskon ƙarfe mai mariƙi, wanda sai an sa hannu biyu ake ɗaga shi. Ita matar soja ce, ta zaga barikoki har Kudu, a can ta koyi gasa burodi a tsakar gida, wuta a ƙasa, garwashi a kan murfi. Ina yarinya na sha zama kusa da ita, ba don in koya ba, don in samu na gefe wanda ya ɗan ƙone. Ranar jere mata suka yi ta dariya, an rasa inda za a sa shi a ɗakin amarya.

"Ke Hajo, wanga abu kasko na ko garkuwa?" in ji wata.

"Ku bar shi nan," in ji Gwaggo. "Kwallayenku na kallo na, wanga na aiki na. Shina yin rana."

A shekarun farko dai ranar da ya yi ita ce ta suyar gyaɗa, sai wani lokaci da Inna, uwar babanku, ta are shi ta zuba wa 'yan tsaki ruwa.

Gidan da aka kawo ni na manoman albasa ne. Kakanku, wanda har yau bakina bai iya faɗin sunansa ba, ku dai kun san shi tunda shi aka mayar wa yayanku, Baba muke ce masa. Dogon mutum ne mai murya, in ya yi gyaran murya a zaure har awaki sai sun natsu. Abubuwa biyu yake taƙama da su a duniya, albasarsa da tabarmar ciyayya. Kullum bayan magariba magidantan layinmu kowa ya fito da akushinsa ƙofar gidanmu, a haɗa a ci tare. Baba ke zama a tsakiya, shi ke fara sa hannu, shi ke raba nama in akwai. Kusa da shi kuma taubashinsa ne Malam Buba, mai makarantar allo, wanda in bai tsokani Baba ba tuwo ba ya wuce masa. Ni kuwa tsakanina da Baba sai kunya, irin wadda aka san matar ɗa da ita. In na ji takunsa na faɗa ɗaki. Da safe daga bayan zana nake durƙusawa in gaishe shi, shi kuma ya amsa yana kallon wani gefen. Sunana bai taɓa fita daga bakinsa ba, "yarinyar ga" yake cewa. Shekara da shekaru muna gida ɗaya, amma da za a ce in kwatanta shi, takalmansa da gefen rigarsa kawai zan iya kwatantawa.

Shekarar da nake goyon yayanku, da bazara ana tsakiyar cirar albasa, Baba ya yanke jiki ya faɗi a fadama. Aka kai shi asibiti a Sakkwato, aka ce hawan jini ne ya taɓa masa ɓarin dama. Allah ya taƙaita, ya dawo gida da ƙafarsa yana dogara sanda, bakinsa ma ya miƙe. Hannun dama ne ya ƙi. Ƙananan yatsu biyu suka lanƙwashe suka manne a tafi, ukun da suka rage, babban yatsa da manuni da na tsakiya, suna motsi amma babu ƙarfi, kuma rawa suke yi. Muka yi ta murna an tsira da rai, 'yan dubiya har daga Lambara da Dandin Mahe. Sai da ƙafa ta ɗauke muka lura da abu biyu. Baba ya daina fita tabarma, kuma Baba ya daina cin abinci. Yadda aka kai masa kwano haka ake ɗauko shi. Inna ta shiga neman maganin buɗe ciki, jiƙe-jiƙe, rubutu, farfesun kaza, duk a banza. Fura kaɗai yake ɗan kurɓa in babu kowa, ita ma rabi a ƙasa. Rannan Inna ta ce bari ta ba shi a baki, tsawar da ya daka mata har yayanku ya firgita a bayana. Mutumin da ke cika ƙofa sai ga rigarsa tana yawo a jikinsa, kullum ƙara zubewa yake yi muna kallo.

Malam Buba ya zo har ɗaki ya zauna. Ina tankaɗe a tsakar gida, kuma shi ba ya iya magana a hankali.

"Kai tsoho, ka ci da hagu mana! Lalura ta, Allah ya yi rangwame. Ko so kaka yi ka mutu ka bar mani gadon jakinka?"

"Na sani Allah ya yi rangwame, Buba," in ji Baba. "Ni na ban yi ma kaina ba. Hannun da nika tsarki da shi, shi za ni tsomawa cikin akushin mutane?"

Daga ranar na fara duba kwanon da kyau in na je wankewa. Ashe ba yadda aka kai shi yake dawowa ba. A gefen tuwon akwai ƙarce-ƙarcen yatsu, an yi ƙoƙarin yankar loma an kasa. Da na shiga share ɗakin Baba lokacin da ya zaga, na ga inda miya ta zube an rufe da ƙasa, na ga riga duk miyar kuka an cusa ta ƙarƙashin shimfiɗa. Wata rana kuma, Allah ya yafe mini leƙe, na hango shi ta ɓular zana. Ya yanko 'yar loma da ƙyar, kafin ta kai baki ta suɓuce ta faɗa masa a cinya. Ya daɗe yana kallon hannun hagunsa, sannan ya ɗaga cinya ya danne shi. Na koma madafa na yi kuka mai isata. Yunwa yake ji kamar kowa, hannun ne ya ci amanarsa, kuma ya gwammace ya mutu da a gan shi yana ɓata riga.

Na yi ta tunanin abin da yatsu uku za su iya ɗauka. Tuwo sai an yanka an mulmula. Masa maiƙo gare ta, sulɓewa take yi. Burodin kanti kafin ya iso mu ya bushe, ga shi sai an sa hannu biyu a yage. Ina cikin wannan na ga 'yan tsakin Inna suna shan ruwa a kaskona, sai Gwaggo Hajo ta faɗo mini a rai, da 'yan curin burodinta masu laushi da ke manne da juna, ka ja ɗaya ya taho. Na kore 'yan tsakin, na dirje kasko da toka, na ba babanku saƙon fulawa da yis daga kasuwar Boɗinga. Kada ku ɗauka daga farawa na gwanance. Na farko na cika masa wuta a ƙasa, ya fito gindi gawayi, ciki ɗanye. Na biyu na jiƙa yis da tafasasshen ruwa na kashe shi, burodin ya fito da za ka jefi kare da shi sai ya yi ƙara. Babanku ya gatsa ya dafe haƙori, ya kai wa jakin Baba, jaki ya shinshina ya juya masa baya. Na uku kuwa na rufe kwaɓin na tafi wanki a zafin nan na bazara, kafin in dawo ya tashi ya ture faifai ya malalo daga ƙwarya. Inna ta gan shi ta ja da baya tana neman tsari.

"Kulu, mi kinka sa ma abin ga? Abinci na shika numfashi?"

A hankali hannuna ya tuno abin da idona ya gani a wurin Gwaggo. Ruwan yis ɗumi-ɗumi, yadda za a yi wa jariri wanka, da ɗan sukari. Madarar shanu sabuwar tatsa, ƙwai, gishiri kaɗan, man shanu. A murza kwaɓin, a murza, har ya daina kama hannu ya yi santsi. A rufe da zane mai laima ya tashi, a danne shi, a cura, a jera a kasko suna taɓa juna, a sake ba su lokaci su kumbura. Garwashin ƙasa a lulluɓe shi da toka, na kan murfi shi ake yawaitawa. Ranar da ya yi kyau, ƙamshinsa har maƙwabta. Na soya albasar Baba a man shanu na shafe samansa yana ƙyalli, na ba Inna ta kai, ina ta jin daɗi. Da kwanon ya dawo sai na ga ba a ci ko ɗaya ba. Guda ɗaya ne aka taɓa, ya ɗan lotsa, gefensa duk ƙasa an kakkaɓe. Ya yi masa girma, ga santsin mai, ya gangare masa ke nan. Laifin nawa ne ta wani fannin, na yi abinci daidai hannuna, ba daidai hannun da ban taɓa kallo ba.

Abin da ya rage a auna hannun. Na sami babanku da maganar, Allah ya jiƙansa, mutumin kirki amma a gaban mahaifinsa ko tari ba ya iya yi.

"Ke Kulu, ki ruhwa mani asiri. Ni in ce ma Baba shi buɗe hannu in auna? Ko kallon hannun ba ni iyawa."

Na koma wurin Inna. Ta ɗaure fuska.

"Hannun maigidana lahiya lau shike. Baki na ba daɗi. Kak ki sake ɗauko mani wagga magana."

Ban ga laifinta ba. Ita ma mutuncinsa take karewa, ta hanyar da ta sani. Amma mutunci ba ya shiga ciki, kuma a makon nan Baba ya fara sallah a zaune. Na san abin da za a ce in na yi abin da nake shirin yi, ba yarinya ba ce ni. Na auna, na ga in an zage ni zan ji zafi in warke, in aka ci gaba da kunyar nan kuwa kafin damina sai dai a ɗauke shi a makara.

Da hantsi Inna ta shiga maƙwabta barkar haihuwa. Na ciro curin kwaɓi na ɗora a faifai, na gyara lulluɓi, na nufi ɗakin Baba. Na yi sallama.

"Wa an nan?"

"Ni ta, Baba."

"Innarku ba ta nan."

"Na sani, Baba. Shi yas sa niz zo."

Na ɗaga labule na shiga na durƙusa a gabansa. Ranar na fara ganin fuskar kakanku. Ashe yana da tabo a gira, ashe hancin yayanku nasa ne ya ɗauko. Ya kawar da kai ya dubi bango, ya ja hannun riga ya rufe hannun.

"Baba, riƙe mani wanga," na ce.

Bai miƙo hannu ba. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, amma wanda ya riga ya jiƙe ba ya tsoron ruwa. Na miƙa hannu na kama wuyan hannunsa, na janye rigar, na ɗora masa curin a tsakanin yatsun nan uku. Hannun da ake ba da labarin yana ɗora buhun albasa a kan jaki shi kaɗai, na ji shi sakayau. Na jira tsawa. Ba ta zo ba. Can sai na ga yatsun sun motsa, suna neman su kewaye curin, sun kasa. Na gutsure kaɗan na mayar. Suka sake gwadawa. Har yanzu fuskarsa na bango, sai na ji ya yi magana ƙasa-ƙasa, ba da ni ba, da bangon.

"A ƙara ragewa."

Wallahi saura kaɗan in yi guɗa. Na rage. Yatsun suka rufe a kai, suka nutse a cikin kwaɓin, ya ɗaga shi har kusa da gemu, hannun yana rawa amma curin bai faɗi ba. Daidai nan aka ɗaga labule. Inna ce, ta dawo ɗaukar goron da ta manta.

"La'ilaha illallahu! Kulu! Hannun surukinki? Mi nika gani haka ni jikar mutum huɗu?"

Na karɓe curina na fito sum-sum ta gefenta. Girmansa bai fi ƙwan zabo ba, ga gurbin yatsu uku a jikinsa raɗau. Shi na ajiye a gabana ya zama ma'auni. Na cura sauran daidai shi, na bari suka tashi, dab da zan rufe murfi na danna wa kowanne yatsu uku har ƙasa, don in ya kumbura gurbin ya saura, yatsa ya sami wurin zama. Man albasar kuma na daina shafawa a sama, a cikin kwaɓin na zuba shi, ƙamshi na nan, santsi babu. Ma'aunin nan na shanya shi ya bushe na adana, har ranar da yayanku ya fara rarrafe ya lalubo shi ya gwaigwaye. Ku tambaye shi, yanzu da yake ji da kansa.

Inna ta ƙi kai abincin, babanku ya kai da 'yar miya mai kauri a gefe. Kwano ya dawo wayam, kuma da na je shara ban ga inda aka rufe komai da ƙasa ba. Kashegari haka, wanshekare haka. Sai wata magariba babanku ya shigo madafa da sauri har yana tuntuɓe.

"Baba ya ce a kai waje. Ya ce kak a juye, a kai da kaskon."

Sai daga baya na gane hikimar. Kwano mara nauyi in ka ja burodi da hannu ɗaya biyo ka yake yi. Garkuwar Gwaggo kuwa inda aka ajiye ta nan take zama. Na goya yayanku na laɓe a bayan zaure. Na ji ƙwas-ƙwas ɗin sanda, na ji maza suna ta "sannu da fitowa", sannan wurin ya yi tsit. Kowa na jiran ya fara sa hannu kamar yadda aka saba, kuma kowa na tsoron kallon hannun. Na ji bisimillarsa. Na rufe ido ina addu'a kada ya faɗi, ya Allah kada ya faɗi a gaban mutane. Sai muryar Malam Buba ta fasa shirun.

"Kai jama'a, ku ga tsohon ga! Mu muna nan muna jimamin shi, ashe shi yana ɗaka ana yi mai abinci da mariƙi! Miƙo nan in ji."

Aka yi 'yar dariya, irin ta masu taka-tsantsan. Na ji yana taunawa, don shi ko tauna ba ya yi a ɓoye.

"To ku tsaya in gaya muku, ni da nika karantarwa. Ci da yatsa ukku shi na sunna. Mu na haɗama tas sa muka zuba biyar cikin akushi awa masu kwasar ganima. Wanga tsoho sai da Allah ya lanƙwashe mai biyu kahin ya bi sunna. Kowa shi ɗauka da ukku!"

"Kai dai ko da ukkun ka hi mai goma ɓarna," in ji Baba.

Tabarma ta kece da dariya. Rabon da in ji muryar Baba tana raha da ƙarfinta tun kafin cirar albasa. Na zauna a ƙasa a bayan zauren ina dariya ina hawaye, yayanku yana ja mini ɗankwali. Kasko ya dawo ko ɓurɓushi babu, har da saƙon wai gobe a ƙara yawa.

Kada ku zaci a nan aka tashi kowa na murna. Kafin kwana biyu labari ya zaga Shagari, kuma ba labarin burodi ba, labarin matar ɗa da ta shiga ɗakin suruki ta kama masa hannu. Malam Buba ya yi ta faɗa cewa a addini uba ne gare ni, babu laifi, amma wa ya tambayi addini? Al'ada ce aka taka. Mahaifiyata ta taso takanas daga Boɗinga ta wanke ni tas, ta ce na sa ana cewa 'yan garinmu idonsu a tsakar ka yake. A gidan biki in na shiga sai a dinga taɓa juna. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne kai amarya. Shekaru masu yawa ba a sa ni cikin masu raka amarya su yi mata faɗan zaman gidan miji, wai me Kulu Ba-kunya za ta koya wa 'yar mutane? Ina ji ina gani a kwashi sa'o'ina a bar ni da tsaron takalma. Ya ƙona mini rai ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba. Amma ko yau aka mayar da ni bakin labulen nan, shiga zan yi.

Inna kuwa ta daina yi mini magana sai ta bakin jariri. "Kai, gaya ma uwarka ta kwashe shanya," alhali yaron ko "ta-ta" bai iya ba. Haka muka yi har ruwa ya sauka. Ran nan na fito zan haɗa wuta, itace duk ya jiƙe, sai na tarar da garwashin ƙirya jawur a cikin katangar fasasshiyar tukunya an ajiye mini a bakin madafa. Babu mai itacen ƙirya a gidan sai ita. Kashegari ma haka. Rana ta uku ta tsaya a kaina ina danna yatsu, ta daɗe tana kallo.

"Gishirin ya ɗan yi yawa jiya," ta ce.

Kalmar farko ke nan da ta yi mini kai tsaye, kuma a nan na gane ashe tana ci.

Baba ya ƙara shekaru masu albarka, ya mayar da jikinsa, har fadama yake zuwa a kan jaki yana yi wa babanku faɗan ban ruwa. Tsakanina da shi kunya ta koma inda take. Ban sake shiga ɗakinsa yana ciki ba, ban sake kallon fuskarsa ba, na koma ga takalma. Bai taɓa ce mini komai a kan ranar nan ba. Sai sau ɗaya, na wanke kasko na kife shi a rana a tsakar gida, ina cikin ɗaki na ji takunsa ya tsaya. Ya ƙwanƙwasa kaskon da sanda.

"Kai kasko, ka gai da mai kai. Ka ce mata tsohon ga ya gode. Allah shi ba ta wanda za shi auna nata hannu."

Ya wuce abinsa. Na cusa fuska a filo don kada ya ji ni.

To, kun ji asalin adon naku. Yanzu saura abin da ya sa na ɗauko maganar bayan shekaru. Da sallar nan, Nana, kin kawo mini burodinki na obin a faranti mai kyau, manya, sumul, sai ƙyallin bota suke yi. Kin iya, ban rage miki komai ba, ya fi nawa kyan gani. Na ɗauki ɗaya, kuka ga na mayar na ce na ƙoshi, kuka ce Inna dai ba ta son abin zamani. Ban ƙoshi ba. Tun bara hannun nan nawa na dama ya fara rawa, kuna gani kuna kawar da kai don kuna jin nauyina, ni ma ina ɓoye shi a cikin mayafi don na zauna da mutanen gidan nan har na kwashi halinsu. Roƙo dai ba zan yi ba, kun san ni.

Amma addu'ar kakanku ba ta faɗuwa ƙasa banza, jira nake in ga a kan wa za ta sauka a cikinku. Kaskon yana ƙarƙashin gadona, ku zo ku biyu don ni na daina iya jawo shi. Wanda zai shigo ya shigo da curinsa a faifai, ya bar kunyarsa a bakin ƙofa tare da takalmi. Ni zan juya in kalli bango.